Doguwar Tafiya a Kan Tsohon Babur: Abin da Ke Mai da Matafiya ga Injin da Hannu Ke Iya Gyarawa

Da la'asar sakaliya, a cikin makonnin da ake gasar juriya ta Motorcycle Cannonball a ƙasar Amurka, duk garin da ayarin ya yada zango, filin ajiye motoci na masaukin baƙi yakan koma garejin kanikawa tun kafin matafiya su tuɓe hular kwano. Ga dattijo ya shimfiɗa tsumma ya jera sifanoni bisa girmansu. Ga wani ya durƙusa yana tsiyaye baƙin mai a cikin kwano, yana dubawa ko akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki. Ga na uku ya sauke inji ɗungurungum, da fitila ɗaure a goshi, domin ya san in bai haɗa shi kafin asuba ba, ayari zai tashi ya bar shi.

Baburan da ake yi wa wannan hidima sun girmi kakannin mahayansu. Lokacin da aka soma gasar a 2010, sharaɗin shiga shi ne babur ya kasance ƙirar kafin 1916, kuma da irin waɗannan ne mahaya arba'in da 'yan kai suka tashi daga Kitty Hawk a gaɓar tekun Atlantika, suka nufi Santa Monica a gaɓar Fasifik, tafiyar fiye da kilomita 5,000 cikin mako biyu da ɗoriya. Tun daga nan ake maimaita ta kusan duk bayan shekara biyu.

Al'amarin bai tsaya a Amurka ba. A Indiya, da zarar ƙanƙara ta narke daga hanyoyin duwatsun Himalaya, sai ka ga jerin gwanon babura ƙirar Royal Enfield suna hawa zuwa Ladak. A Turai kuwa, samari da dattawa suna ta zaƙulo baburan da iyayensu suka jingine a rumbun kaya shekara arba'in, su wanke, su tayar, su ɗaura jaka su fuskanci Asiya ko Afirka. A zamanin da jirgin sama ke ɗauko mutum daga Landan bayan asuba ya sauke shi a Legas kafin la'asar, kuma masana'antu ke fitar da babura masu kwamfuta waɗanda da wuya su tsaya wa mai su a hanya, ya cancanci a bincika abin da ke sa mutane masu hankali da abin hannunsu su zaɓi wahalar tsohon ƙarfe.

Wane babur ne tsoho?

Ƙungiyar duniya ta masu kula da tsofaffin ababen hawa, FIVA, tana ƙidaya abin hawa cikin na tarihi idan ya kai shekara 30 da ƙerawa kuma an kiyaye shi bisa asalinsa. Hukumomin Ingila sun sa nasu haddin a shekara 40, inda ake yafe wa irin wannan abin hawa harajin hanya. Amma matafiya ba da shekaru kaɗai suke awo ba. Abin da suke dubawa shi ne ginin injin: kafireta ce ke haɗa masa mai da iska, iskar hanya ce ke sanyaya shi, da ƙafa ake buga kik a tayar da shi, kuma babu wani akwatin kwamfuta da zai hana shi tashi saboda wata waya ta saki.

Cikin wannan jinsi akwai Triumph da Norton da BSA na Ingila, da BMW na Jamus mai silinda biyu a kwance hagu da dama, da tsofaffin Harley-Davidson da Indian na Amurka, da Yamaha XT500 da ya fito a 1976. Akwai kuma ƙaramin Honda Super Cub, wanda aka soma ƙerawa a 1958 har adadinsa ya haura miliyan 100 a 2017, wanda kuma danginsa ne muke gani kullum a titunanmu. An sami waɗanda suka hau shi daga kudu maso gabashin Asiya har Ingila.

Magabata a wannan tafarki

Tun babur yana jariri mutane suka fara auna shi da faɗin duniya. A 1912 wani saurayi Ba'amurke mai suna Carl Stearns Clancy ya hau Henderson mai silinda huɗu, wanda ba shi da canjin giya, ba shi da birkin gaba, ya ratsa Turai da arewacin Afirka da wani yanki na Asiya, yana shiga jirgin ruwa inda ƙasa ta yanke, ya koma New York a 1913 bayan tafiyar kusan kilomita 29,000. Shi ake ƙidayawa farkon wanda ya zaga duniya a kan babur.

Amma labarin da ya fi kusa da mu shi ne na wasu mata biyu 'yan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron. Ran 11 ga Disamba 1934 suka bar Landan a kan babur ƙirar Panther mai silinda ɗaya, wanda aka liƙa masa akwatin zama mai ƙafa ɗaya a gefe, yana kuma jan 'yar amalanken da ta ɗauki tanti da ruwa da mai. Suka sauka Aljeriya, suka shiga Hamada ta In Salah da Tamanrasset, a lokacin da babu kwalta, babu alamar hanya sai sawun manyan motoci da iska ke shafewa, suna tono ƙafafun babur daga rairayi da hannu, suna turawa inda inji ya gaza ja.

Kafin su kai Agadas inji ya buga. A wannan gari na Abzin suka zauna, aka sauke shi aka sake gina shi, sannan suka gangaro ƙasar Hausa har Kano, suka yi gabas ta yankin Cadi da Kwango, suka bi gabashin Afirka, suka shiga Cape Town ran 29 ga Yuli 1935, bayan tafiyar da ta haura kilomita 20,000. Theresa Wallach ta yi karatun injiniya, kuma dukansu biyu sun saba da tseren babur a filin Brooklands. Watau dai ƙarfin hali kaɗai bai fisshe su ba, sai da suka haɗa shi da sanin abin da ke cikin inji.

Lalacewar inji, buɗewar ido

Wanda ya bi tarihin waɗannan tafiye-tafiye zai lura da wani abu da ke maimaituwa, shi ne cewa mafi yawan abin da matafiyan suka ƙaru da shi ya same su ne a wurin da babur ya tsaya, fiye da wurin da ya yi gudu.

A farkon 1952 wasu samari biyu 'yan Ajantina, Alberto Granado da ɗalibin likitanci Ernesto Guevara, wanda duniya ta sani daga baya da laƙabin Che, suka hau Norton ƙirar 1939 da niyyar ratsa Kudancin Amurka. Babur ɗin ya yi ta zubar da su, ya yi ta karyewa ana ɗaure shi da waya, har ya mutu murus a ƙasar Cile. Daga nan suka ci gaba a ƙafa da bayan manyan motoci, suna kwana tare da ma'aikatan haƙar ma'adinai da talakawan ƙauye, har suka zauna a sansanin kutare na San Pablo a Peru. Kuma masu tarihi sun yi ittifaƙi cewa abin da Guevara ya gani a wannan tafiya yana cikin abubuwan da suka juya tunaninsa, ko da yake mutane sun saɓa ƙwarai a kan tafarkin da ya bi bayan haka.

Ɗan jaridar Ingila Ted Simon ya bar Landan a watan Oktoba 1973, yana da shekara 42, a kan Triumph Tiger 100, bai dawo ba sai bayan shekara huɗu, ya ratsa ƙasashe kimanin 45 da tafiyar kusan kilomita 100,000. Ya bi Libiya da Masar da Sudan da Habasha har ƙarshen Afirka, an tsare shi na ɗan lokaci a Burazil bisa zargi, kuma littafinsa Jupiter's Travels na 1979 ya zama sanadin fitar dubban mutane bayansa. Babur ɗin yana nan a gidan tarihin sufuri na Coventry.

A 1982 Elspeth Beard, ɗalibar ilmin zanen gine-gine mai shekara 23, ta ɗauki BMW ƙirar 1974 da ta saya na hannu, ta zaga duniya cikin shekara biyu da 'yan watanni. Ta yi mummunan haɗari a Ostareliya har ta kwanta asibiti, ta tashi ta ci gaba, kuma da hannunta ta riƙa gyara injin da ƙera akwatunan kayanta. Mu ma a Nijeriya muna da Olabisi Ajala, wanda daga ƙarshen shekarun 1950 ya ratsa ƙasashe masu yawa na Turai da Asiya da Gabas ta Tsakiya a kan ƙaramin babur irin na Vespa, sanye da babbar riga, ya gana da shugabanni kamar Nehru na Indiya, ya wallafa An African Abroad a 1963, har sunansa ya zama kirarin duk mai yawan tafiya a kudancin ƙasar nan.

Baburan waɗansu daga cikin waɗannan mutane sababbi ne a zamaninsu. Yau su ne tsofaffin da ake nema, kuma mafi yawan masu nemansu labarin waɗannan magabata ne ya ja su.

Dalilan komawa ga tsoho

Dalili na farko, wanda kusan kowane mai wannan sha'awa zai fara kawowa, shi ne gyara. Inji ba ya buƙatar komai don ya tashi face mai da iska da wuta da matsi, kuma a tsohon babur kowane ɗaya daga cikin huɗun nan ana iya bin sawunsa da ido da kunne da sifana. In ya ƙi tashi, a cire fulogi a jingina shi da jikin inji a buga kik a ga ko yana ba da wuta. In yana bayarwa, a kwance kafireta a wanke, a hure hudar da datti ya toshe. Bakaniken bakin hanya a Agadas ko Fashawar ko wani ƙauyen Boliviya, ko bai taɓa ganin wannan ƙira ba, zai gane ta cikin sa'a guda, domin asalin hikimar ɗaya ce. Sabon babur kuwa, duk da ba ya yawan lalacewa, ran da famfon mansa na lantarki ko kwamfutarsa ta samu matsala, sai an kai shi wurin dillalin da ke da na'urar bincike, wanda mai yiwuwa yana nesa da kilomita dubu.

Dalili na biyu shi ne kuɗi. Ban da ƙalilan da masu tara kayan tarihi suka tsauwala wa farashi, tsohon babur na Japan ko Jamus bai kai rabin kuɗin sabon babban babur na tafiya ba. Wannan rangwame yana bin mutum har kan iyaka, domin ƙasashe da dama ba sa barin abin hawan baƙo ya shiga sai da takardar lamuni ta kwastan, wadda ke tabbatar da cewa ba sayar da shi za a yi ba, kuma kuɗin ajiyar da ake nema gwargwadon darajar abin hawan ne, wani wuri ma ninkinta. Ga shi kuma idan yaƙi ko ciwo ya tilasta wa matafiyi barin babur ya tsira da ransa, asarar mai sauƙin ɗauka ce.

Dalili na uku ya fi wuyar aunawa, amma shi ne ginshiƙi. Tsohon babur ba ya son a matsa masa. Gudun kilomita 70 ko 80 a sa'a ya ishe shi, kuma bayan sa'a biyu ko uku yana neman a tsaya ya huce. Saboda haka mahayinsa yakan kauce wa manyan tituna ya bi hanyoyin ƙauyuka, ya tsaya inda mai sauri ba zai tsaya ba, ya nemi ruwa, ya nemi mai walda, ya kwana gidan wanda bai taɓa sani ba. Mutumin da ya iso gari da ƙura a fuska da baƙin mai a hannu, yana neman taimako, ana karɓarsa a matsayin baƙo mai haƙƙi, ba a matsayin attajiri mai wucewa ba; kuma daga nan ne sanin mutane ke farawa, wanda shi ne maƙasudin rihla tun zamanin su Ibn Battuta.

Wazifar safiya

Wanda ke zaton wannan tafiya hawa ce kawai da shan iska, lalle bai ga mahayi da sassafe ba. Kafin ya karya kumallo zai duba ma'aunin baƙin mai, domin tsohon inji yana sha yana kuma ɗiga. Zai taɓa sarƙa ya ji ko ta saki, ya ja ta, ya shafa mata mai. Zai bi notuna ɗaya bayan ɗaya, saboda girgizar silinda ɗaya tana kwance abin da aka ɗaure jiya. Zai ɗauki sifana ya riƙa ƙwanƙwasa wayoyin ƙafa yana saurare: wadda ta yi ƙara garau lafiyarta ƙalau, wadda ta yi sauti a dushe ta saki, in ba a ɗaure ta ba ta karye ta ja 'yan'uwanta.

Sa'an nan ya cire fulogi ya karanta launin bakinsa. In ruwan ƙasa ne, mai da iska sun daidaita. In ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa. In kuwa ya yi fari fat, iska ta rinjayi mai, inji yana ɗaukar zafin da zai iya huda fistin. Bayan 'yan kwanaki kuma, tun inji yana da sanyi, ya buɗe murfi ya zura siririn ƙarfen awo ya daidaita tazarar bawul. Kamar mai doki ne da ya san tarin dokinsa na ƙura daban da na ciwo, sanin da ba ya samuwa sai da yawan zama tare.

A hanyar Ladak ake ganin iyakar wannan ilmi. Royal Enfield Bullet asalinsa na Ingila ne tun farkon shekarun 1930. A 1955 aka soma haɗa shi a Madras saboda buƙatar sojojin Indiya masu sintirin kan iyaka, kuma bayan kamfanin Ingila ya rufe wajen 1970, Indiya ta ci gaba da ƙera shi kusan yadda yake har shekaru masu yawa. Idan mahayi ya doshi mashigar Khardung La, wadda tsayinta ya haura mita 5,300, iskar da ake shaƙa takan ragu zuwa kusan rabin ta bakin teku, alhali kafireta tana ci gaba da zuba mai kamar da. Sai inji ya shaƙe, ya riƙa fitar da baƙin hayaƙi, ƙarfinsa ya faɗi. Maganin shi ne a tsaya a sauya ɗan ƙarfen nan mai huda da mai ke bi, a sa mai ƙaramar huda, in an gangaro kuma a mayar da na farko. Sabon babur yana yin wannan lissafi da kansa ba tare da mahayi ya sani ba, kuma adalci ne a faɗi cewa a nan ya fi.

Hujjar masu suka

Masu ganin baiken wannan sha'awa suna da hujjoji waɗanda bai kamata a yi musu riƙon sakainar kashi ba. Mafi nauyi ita ce ta rai. Birkin tsohon babur irin na ganga ne, wanda in ya ɗau zafi a doguwar gangara sai ya daina kamawa. Fitilarsa ba ta da haske sosai. Tayoyinsa sirara ne. Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin manyan babura birkin da ke hana ƙafa kullewa tun wajen 2016, kuma tsohon babur ba shi da wannan kariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan ɗaya ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, aƙalla ɗaya cikin biyar daga cikinsu masu babur ne da keke mai ƙafa uku. Wanda ya ɗora kaya masu nauyi a kan inji mai shekara hamsin ya shiga tsakanin manyan motoci, ya ƙara wa kansa kasada a kan kasada.

Ta biyu ita ce ta kayan gyara. Sauƙin gane ciwo bai zama samun magani ba. In ƙarfen da ya karye ba a ƙera irinsa tun shekara talatin, matafiyi zai zauna makonni yana jiran saƙo daga wata nahiya, bizarsa tana ƙarewa, guzurinsa yana narkewa. Man fetur ɗin ma ya sauya. An daina sa masa dalma a duniya baki ɗaya, Aljeriya ce ta ƙarshe a 2021, alhali waɗansu tsofaffin injuna da ita aka ƙera mazaunin bawul ɗinsu. Kuma man da ake gauraya da sinadarin etanol, wanda aka ƙara ma'auninsa a man Ingila a 2021, yana cin tsofaffin robobi, yana kuma jawo ruwa cikin tanki.

Masu kare muhalli suna cewa tsohon inji yana fitar da hayaƙi mai guba fiye da sabo nesa ba kusa ba. Masu tsofaffin babura suna amsawa da cewa adadinsu kaɗan ne, kuma riƙe abu guda shekara hamsin ya fi sauƙi ga ƙasa a kan narka ƙarfe a ƙera sabo duk bayan shekara biyar. Kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya.

Akwai kuma sukar da ta shafi adalci. Baturen da ya zaɓi tsohon babur don sha'awa yana ratsa ƙasashen da miliyoyin mutane ke hawan tsoho don babu yadda za su yi, kuma fasfonsa yana buɗe masa iyakokin da ɗan Afirka zai yi watanni yana neman izinin ƙetarewa. Iyalai ma suna da tasu magana, domin wanda ya tafi shekara guda ya bar wasu da ɗawainiya da fargaba. Malamai sun daɗe da bayyana cewa tawakkali ba ya kore riƙon sababi, kuma haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashin mutum yana gaba da sha'awarsa. Wannan mizani ya hau kan mai babur kamar yadda ya hau kan kowane musafiri.

Hanyar da ta rufe

Babbar matsalar matafiya a yau ta wuce inji da birki. A shekarun 1970 da 1980 hanyar da ta taso daga Aljiyas ta Tamanrasset da Arlit da Agadas da Damagaram zuwa Kano, wadda in an kai ta Legas ta kai kusan kilomita 4,500, ita ce babbar ƙofar masu ratsa Afirka ta ƙasa. Tseren Paris zuwa Dakar na farko, wanda ya tashi a ƙarshen Disamba 1978, ta Agadas ya bi, kuma Cyril Neveu ne ya lashe shi a kan Yamaha XT500. Mutanen Agadas da yawa sun rayu da wannan zirga-zirga: 'yan jagora, da kanikawa, da maƙeran azurfa, da masu masauki.

Yaƙin basasar Aljeriya da tawayen Abzinawa na shekarun 1990 suka fara rage ƙafa. A 2003 aka sace Turawa 'yan yawon buɗe ido 32 a kudancin Aljeriya, cikinsu har da masu babura. A 2008 aka soke tseren Dakar saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka kai shi Kudancin Amurka, daga baya Saudiyya. Yau mai son gangarowa yammacin Afirka ta ƙasa yakan bi gaɓar teku ne, ta Maroko da Muritaniya da Senegal. Ita ce hanyar da Kunle Adeyanju ya biyo a 2022 lokacin da ya taho daga Landan zuwa Legas a kan sabon Honda cikin kwana arba'in ko kusa da haka, don tara gudummawar yaƙi da cutar shan-inna.

Abin baƙin ciki kuma, a yankuna da dama na arewacin Nijeriya da Nijar, babur ya zama abin tuhuma saboda 'yan bindiga sun mai da shi abin hawansu, har gwamnatoci suka riƙa taƙaita hawansa ko hana shi. Hanyar da mata biyu suka ratsa lafiya shekara 90 da suka wuce, ba tare da taswirar kirki ba, yau wanda yake da na'urar tauraron ɗan'adam a aljihu ba ya kusantarta.

Abin da ya wajaba a kiyaye

Wanda ya ƙudurta irin wannan tafiya, shawarar ma'abota sanin hanya ba ta sauya ba: ya kwance babur ɗinsa da hannunsa ya haɗa tun yana gida, domin ya san kowace ƙusa kafin ya buƙace ta, ya rage kaya, don nauyi ne ke karya firam da wayoyin ƙafa, ya ɗauki abin da ba a samu a hanya, ya bar abin da ake samu, kada ya yi tafiyar dare, kada ya raina hular kwano, kuma ya saurari mutanen gari idan suka ce kada a bi wata hanya. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma darasin ya wuce masu yawon duniya. Ilmin da Turawa ke kashe kuɗi suna sake koyo a ƙungiyoyin tsofaffin babura, watau sauraron inji da gano ciwonsa da ƙera abin da babu, yana nan da rai a hannun kanikawanmu na bakin titi, waɗanda suka koye shi tun suna yara a gaban iyayen gidansu, ba tare da wata takardar shaida ba. Yayin da injuna masu kwamfuta ke shigowa, wajibi ne makarantun koyon sana'a da ƙungiyoyin kanikawa su ƙara musu sabon ilmin ba tare da an bar tsohon ya mutu ba, domin al'ummar da ba ta iya gyara abin da take hawa, har abada tana hannun mai sayar mata.

Darasi na biyu kuma ya fi wannan girma. Doguwar tafiya a kan tsohon babur ba ta yiwuwa sai a ƙasar da baƙo, in abin hawansa ya lalace a tsakiyar daji, zai sa ran taimako maimakon farmaki. Ƙasar Hausa da Abzin sun yi ƙarnuka suna da wannan suna, tun zamanin ayarin raƙuma da mahajjata masu tafiya a ƙasa, kuma rasa shi ya fi cutar da ɗan kasuwa da manomi da mai zuwa gaida dangi fiye da kowane baƙo daga Turai. Maido da amincin hanya nauyi ne da ke wuyan hukumomi da sarakuna da malamai da jama'a baki ɗaya, kuma duk wani zance na ciniki tsakanin ƙasashen Sahel ko na farfaɗo da garuruwan Hamada zai ci gaba da zama a takarda har sai an sauke wannan nauyi.